Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar zanen bangon Rumawa

Duk mai karatun zanen bangon Rumawa zai ci karo da "salo huɗu na Pompeii", wani tsohon gari na Rumawa a kudancin Italiya, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Da yawa suna ɗauka Rumawa ne suka raba zanensu gida huɗu. Wani Bajamushe ne, August Mau, ya tsara rabon a 1882, bayan ya daɗe yana nazarin gidajen da dutsen Vesuvius ya binne da toka a shekara ta 79 Miladiyya. Ma'auni ne na masu bincike, mai zanen bai san da shi ba.

Daga wannan kuskuren ne babban yake fitowa: a ɗauka kowane salo yana kore na gabansa, kamar sabon sarki ya hau gado. A Pompeii akwai gidajen da suka riƙe adon salo na farko, wanda ya yi tashe tun wajen shekara ta 200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), har ranar da toka ta rufe garin. Gidan Faun na cikinsu. Mai gida yana iya barin zaure da tsohon ado don a san gidan na da asali, ya sabunta ɗakunan ciki. Saboda haka kada ka yanke wa gida shekaru da bango ɗaya. Ka bi ɗaki-ɗaki, ka kuma duba ginin da ke ƙarƙashin shafen.

Shi kansa salo na farkon, ba hoto ba ne. Shafe ne ake tayarwa ya yi tudu, a shafa masa launi ya yi kama da tubalan mabul.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake raina salo na uku. Na biyu yana ruɗar ido da ginshiƙai da birane masu nisa, kamar an huda bangon; lambun da aka zana a gidan Livia, matar Sarki Augustus, a Prima Porta kusa da birnin Rum ya isa shaida. Sai ga na uku, wajen shekara ta 20 kafin Miladiyya, ya mayar da bango shimfiɗaɗɗe, baƙi ko ja, da siraran ginshiƙai kamar kara da ɗan ƙaramin hoto a tsakiya. Vitruvius, masanin gini na Rumawa a wancan zamani, ya yi ƙorafi a kan irin wannan, yana ganin kara ba ya ɗaukar rufi, wasu kuma suka bi shi suna cewa gwaninta ce ta ragu. Ka dubi bangayen wani gida a Boscotrecase, kusa da Pompeii: hannun da ya ja waɗannan layukan bai gaza ba, zaɓi ya yi. Adon Masar da ke cikin salon ya biyo bayan cin ƙasar ne da Rumawa suka yi a shekara ta 30 kafin Miladiyya.

Sai jan launin da ake yi wa Pompeii kirari da shi. Wani sashensa, musamman a Herculaneum, garin da ke maƙwabtaka da ita, rawaya ne tun asali, zafin aman wutar ya mayar da shi ja.

Kada kuma a ce zane ya tsaya a salo na huɗu, irin na gidan Vettii a Pompeii da fadar Sarki Nero a Rum. Pompeii ce ta tsaya a 79. Masu zane sun ci gaba da aiki ɗaruruwan shekaru, kuma aikinsu yana nan a gidajen tsofaffin biranen Ostia da Afisa da kaburburan ƙarƙashin birnin Rum.