Juye shiri daga dikoda zuwa faifan DVD: wuraren da aka fi yin tuntuɓe

Bayan ƙaramar salla kawuna ya aiko mini da fayafayai huɗu daga Wurno, wai sun ƙi yi. Tafsirin azumi ne da ɗansa ya naɗa daga talabijin a nan Sakkwato, ya juye masa. A na'urar da ta buga su suna yi lafiya lau, a ta kawu kuwa ko motsi. Ban sha wahalar gano dalili ba: yaron bai rufe faifan ba.

Na'urar naɗar DVD takan bar faifai a buɗe don a iya ƙara wani shiri daga baya. Muddin ba a shiga menu an danna Finalize ba, ba za ta rubuta jadawalin da sauran na'urori ke bi su karanta ba. Haka abin yake a DVD-R da DVD+R. Maganin mai sauƙi ne, a mayar da faifan cikin na'urar da ta buga shi a rufe, aikin 'yan mintoci. Amma fa sai ita, ko irinta sak. Idan ta lalace kafin a rufe, an shiga uku.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne gaggawar gogewa. Mutum ya ga faifai ya fito, sai ya share na cikin dikoda don ya sami wuri. Kar ka goge komai sai ka gwada faifan a wata na'ura dabam, ta maƙwabci ko kwamfuta, ka duba farko da tsakiya da ƙarshe. Ƙarshen ma ya fi muhimmanci, domin DVD daga tsakiya yake fara rubutu ya nufi baki, kuma faifai mai araha a bakin yake yawan cijewa.

Akwai masu kwance dikodar biyan kuɗi irin ta DStv su ciro ma'ajiyar da ke cikinta (hard disk) su jona a kwamfuta, suna zaton za su tarar da bidiyo a jere. Ba za su tarar ba. Abin da irin wannan dikoda ta naɗa a kulle yake, ita kaɗai ke iya buɗe shi. Haka nan wayar HDMI tana ɗauke da kariyar da ake kira HDCP, wadda ke hana kwafi. Hanyar da ta rage ita ce tsohuwar waya mai kai uku: rawaya ta hoto, ja da fara na sauti. Daga ramin fita na dikoda zuwa ramin shiga na na'urar naɗa, sannan a zaɓi layin da aka jona, AV1 ko AV2. Da yawa sukan manta wannan zaɓin, su wayi gari da awa biyu na shuɗin allo. Hoton ba zai kai na asali kyau ba, kuma shirin awa ɗaya awa ɗaya zai ci, babu gajeriyar hanya. Wani shirin ma ko ta nan ba zai yarda ba. Sannan a ajiye rimot nesa da yara, don duk abin da ya hau allo, ko saƙo ko menu, zai shiga faifan ya zauna.

Sai kwaɗayin cusa da yawa. Faifai na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, mai hawa biyu 8.5. Na'urar naɗa tana da matakan ingancin hoto da ake zaɓa: a tsarin SP, na farkon yana cin awa 2 da hoto mai kyau. LP awa 4, EP awa 6, amma hoton yana raguwa. Ni dai ga tafsiri ba na ƙin LP, tunda malam a zaune yake kuma murya ake bi. Hawan salla ko ƙwallo kuwa, inda dawakai da mutane ke gudu, kar a wuce SP, in ba haka ba fuskoki sai su koma dabbare-dabbare.

Masu risibar tashoshin kyauta da ke naɗa a filash su sun huta da kulle, amma suna da nasu ramin. Fayil ɗin yakan fito da wutsiyar .ts, sai a ja shi a jefa a faifai kamar takarda. Kwamfuta za ta buɗe shi da VLC, amma yawancin na'urorin falo ba su san shi ba. Suna neman tsarin DVD-Video, mai jakar VIDEO_TS a ciki. Manhaja irin DVD Flick tana yin wannan juyin. Idan filash ɗin yana kan tsarin ajiya na FAT32 ne, ba ya riƙe fayil da ya kai gigabait 4, don haka dogon shiri a gutsuttsure yake zuwa. A tabbatar an kwashe duka guntayen, kuma a jera su daidai. A wurin zaɓen tsarin talabijin a cikin manhajar a danna PAL, shi ne namu a Najeriya. NTSC na Amurka ne.

Gudun bugawa: ko an rubuta 16x a jikin faifai, 4x ko 8x ya fi kwanciyar hankali. Kuma kar a fara da wutar da ba a amince da ita ba. Aka ɗauke ta ana tsakiyar bugu, DVD-R ya tafi kenan, ba a sake shi.

Ajiya kuma, kowa ya san ranar Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Faifan da aka bari a gaban mota yini ɗaya zai iya lanƙwashewa. Ƙurar hunturu ita ma tana karce shi idan aka goge da gefen riga. A sami ƙyalle mai laushi, a share daga tsakiya zuwa baki, ban da zagayawa. Sunan shiri kuma a rubuta a jikin faifan da alƙalamin maka mai taushin baki. Biro yana ji masa rauni, takardar mannawa kuma tana sa shi rawa a cikin na'ura.

Fayafayan kawu uku sun rufu, na mayar masa ranar kasuwa. Na huɗun ya riga ya karce a hanya, sai da muka sake buga shi daga dikodar, da yake Allah ya sa yaron bai kai ga gogewa ba.