Yadda Ake Rufe Bindiga da Kwaɗon Waya

Kwaɗon waya kwaɗo ne mai doguwar wayar ƙarfe da aka lulluɓe da roba. Idan wayar ta ratsa cikin bindiga, harsashi ba zai samu shiga ba. Matakan da ke ƙasa na ƙaramar bindigar hannu ne, irin wadda ake cire mata gidan harsasai ta ƙasa.

1. Juya bakin bindigar inda babu kowa, ka ɗauke yatsanka daga kan kunama.

2. Cire gidan harsasai.

3. Ja saman bindigar baya har ya tsaya a buɗe. A nan ne mutane suka fi yin sakaci, domin sau da yawa harsashi ɗaya kan rage a ciki ko an cire gidan. Leƙa da idonka, ka sa ɗan yatsa ka taɓa, sannan ka sake leƙawa.

4. Zura wayar ta ramin da kwanson harsashi ke fita, ta ɓullo ta ƙasa inda gidan harsasai ke shiga. Kada ka ratsa ta kusa da kunama.

5. Soka kan wayar cikin kwaɗon, ka murɗa makulli ka zare. Fizgi wayar kaɗan ka tabbatar ta kama.

6. Makulli ya zauna wurinka, harsasai kuma a kulle su a wani wuri daban. Babban almakashin ƙarfe na iya datse wayar, don haka in akwai yara a gida, bindigar ma a sa ta cikin akwatin ƙarfe a kulle.