Yadda Ake Ɗaukaka Ƙara Idan An Hana Ɗan'uwanka Mafakar Siyasa a Ƙasar Waje

Saƙon yakan shigo ne ta WhatsApp da tsakar dare, murya a sanyaye: "Yaya, sun ƙi amincewa da ni." Kafin gari ya waye labari ya zaga gida daga Tudun Wada har Kawo, Hajiya ta sa a yi sauka. Addu'a ta kamata, amma kafin jaje ya yi nisa, ka tambaye shi ranar da ke jikin takardar da ranar da ta iso hannunsa.

Daga nan ake farawa, domin wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne. A Birtaniya kwana 14 ne ga wanda ke cikin ƙasar. A Kanada kwana 15 ne daga ranar da ya karɓi dalilan hukuncin a rubuce. Jamus mako biyu take bayarwa, amma idan hukumar ta ce buƙatar ba ta da tushe ko kaɗan, mako ɗaya ne tak. Faransa wata guda. A shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara tukuna, ko da hujjoji ba su kammala ba.

Sai lauya. Lauyan can mai lasisi, wanda ya saba da shari'ar masu neman mafaka, ba ɗan garinmu da ya daɗe a Turai yana cewa ya san hanya ba. A Birtaniya da wasu lardunan Kanada gwamnati na biyan lauya ga marar hali, don haka ya bincika kafin ku sayar da fili.

Mataki na uku shi ne ƙashin bayan aikin: a zauna da takardar ƙin amincewar a bi ta sakin layi bayan sakin layi. Ɗaukaka ƙara ba sake ba da labari da kuka ba ne, amsa ce ga kowane dalili da suka rubuta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta ware dalilai biyar na ba da mafaka: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, kasancewa cikin wani rukuni na jama'a, da ra'ayin siyasa. Talauci da rashin aiki ba sa ciki, komai tsananinsu. Amma ra'ayin siyasa ya fi katin jam'iyya faɗi. Kotun Ƙolin Kanada, a shari'ar Ward ta 1993, ta tabbatar da cewa ko ra'ayin da masu farautarka suka jingina maka ya wadatar, ko da ba naka ba ne. Ɗan jarida, mai zanga-zanga, ko direban ɗan takara duk suna iya shiga.

Dalilan da suka fi kayar da 'yan Najeriya biyu ne. Na farko, a ce maganarsa ta ci karo da juna. Na biyu, a ce ko da gaskiya ne, me ya hana shi komawa Legas ko Abuja ya zauna lafiya? Wannan na biyun yana da wuyar amsawa, kuma mutanenmu sukan tsallake shi. Dole ya nuna cewa hannun masu nemansa ya kai can, ko cewa zaman can ba zai yiwu masa ba, da hujja, ba da rantsuwa ba.

A nan ne naku aikin yake, ku da ke Kaduna. Idan an taɓa gurfanar da shi, ka je wurin rajistaran kotun ka nemi kwafin takardar tuhuma da ta beli mai hatimi da sa hannu. Idan an yi masa rauni, a nemo katin asibiti da rahoton likita. Jaridar da ta buga labarin, a ɗauki shafin gaba ɗaya yadda sunanta da kwanan wata za su fito, ba a yanko tsakiya da almakashi ba. Wanda ya ga abin da idonsa ya rubuta abin da ya gani kawai, ya yi takardar rantsuwa, ya haɗa da kwafin katin shaidarsa. Abin da ke cikin Hausa sai an fassara, mai fassarar ya sa sunansa da sa hannunsa. Ambulan ɗin da kuka aika da takardun ma kada ya yar, yana nuna daga inda suka fito. Idan kuwa masu neman nasa har yanzu suna da ƙarfi a unguwa, ku yi komai a tsanake, kada garin neman gira a rasa ido.

Za a samu mai ce maka akwai wani shagon kwamfuta da ke haɗa takardar 'yan sanda cikin awa guda. Ka ba shi haƙuri ka wuce. Takardar bogi ɗaya kan sa alƙali ya yi shakkar na gaskiyar duka.

A Kanada akwai ƙarin sharaɗi: sashen ɗaukaka ƙara ba ya karɓar sabuwar hujja sai wadda ta taso bayan hukuncin farko, ko wadda ba ta samuwa a lokacin, ko wadda ba za a sa ran ya gabatar da ita a lokacin ba. Kowace takarda sai an bayyana dalilin jinkirinta. Yawanci ma a kan takarda ake yanke hukunci, ba a zama.

A Birtaniya kuwa akan zauna gaban alƙali, wakilin ma'aikatar cikin gida na yi masa tambayoyi. Ya nemi tafintan Hausa tun da wuri, idan kuma bai fahimci tafintan ba ya faɗa nan take. Wani abu da ke yi mana illa shi ne lissafin lokaci. Mu da "bayan Ƙaramar Sallah" da "dab da zaɓe" muka saba, su kuwa rana da wata suke so. Mutum ya ce Maris yau, gobe ya ce Afrilu, sai a rubuta maƙaryaci ne. Ya zauna da kalanda ya daidaita, inda ya manta ya ce ya manta. Ya kuma san ana iya duba shafinsa na Facebook.

Idan nan ma aka faɗi, ƙofa ta gaba ƙunci gare ta. A Birtaniya sai an nemi izinin zuwa kotun sama, kuma kuskuren doka kawai take dubawa, ba ta sake sauraron labari. A Kanada Kotun Tarayya ce, ita ma da neman izini, cikin kwana 15.