Kurakuran da Iyalan Sojoji Ke Yi Wajen Sa Yara Makaranta Idan An Canja Bariki

Duk shekara idan Satumba ta kama, sai ki ga mata sun yi layi a ƙofar ofishin shugaban makaranta a bariki, kowace riƙe da hannun yaro, jaka babu takarda ko ɗaya, ana ta magiya. Na koyar a firamaren 'ya'yan sojoji, na yi magajiya, wato shugabar matan sojoji, a layinmu, maigidana ya yi ritaya yana samanja. Na gaji da ganin ƙannena, matan ƙananan sojoji, suna maimaita abubuwan da muka sha wuya a kansu. Abin da zan faɗa nan yadda na riƙe gidana ne, ba dokar soja ba ce.

Tushen matsalar ɗaya ne. Sigina, wato umarnin canja wa soja wurin aiki, tana fitowa ne ranar da runduna ta ga dama, a watan Fabrairu ko a tsakiyar azumi, a ce wanda ke Runduna ta 1 a Kaduna ya koma ta 82 a Enugu, ko a ɗauko na barikin Giginya a Sakkwato a kai shi na Odogbo a Ibadan. Makaranta kuwa ba ruwanta da sigina. Tana buɗe shekara a Satumba, ta yi zango uku, ta rufe wajen Yuli. Mai shigar da yara makaranta a gidan soja aikinta shi ne daidaita waɗannan biyun, kuma tun kafin siginar ta fito ake fara shi.

Kuskuren sabuwar zuwa shi ne zaton makarantar bariki kamar kwatas ce, wato tunda maigida soja ne dole a ba ki. Firamaren 'ya'yan sojoji da ke cikin bariki ba ta cika wahalar shiga ba. Amma sakandaren sojan ƙasa da ake kira Command, ta kwana irin ta Kaduna, Jos, Suleja, Ipaja a Legas ko Abakaliki, da ta jeka-ka-dawo da ke barikoki da yawa, jarrabawa ake yi, kuma 'ya'yan farar hula ma suna nema, suna ci. Fom yana fitowa watanni kafin Satumba. Ɗan soja yana samun sauƙin kuɗin makaranta, amma ba a yafe masa zama a ɗakin jarrabawa. Haka makarantun sojan sama da na ruwa. Akwai kuma makarantun ƙungiyar matan hafsoshi, NAOWA, su ma da nasu tsarin da nasu kuɗin. Ki tambayi ranar fitar fom tun zangon farko na aji shida, ba lokacin hutun ƙarshen shekara ba.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai: ɗauke yaro daga ajin jarrabawa.

Aji shida na firamare, JSS3, SS3. Yaron da ke ɗaya daga cikin ukun nan ba ya tashi, ko da an tura babansa bangon duniya. Na SS3 ya fi tsanani, kuma mutane ba su san dalili ba. WAEC ba ranar jarrabawa kaɗai take duba ɗalibi ba. Makaranta tana tura mata makin gwajin da yaro ya tara tun daga SS1, kuma da wannan bayanin ake yi masa rajista. Idan kika kwaso shi kika kai wata makaranta ana gab da rajista, sabuwar makarantar ba ita ta tara masa komai ba. Shi ya sa makarantun kirki da yawa ba sa karɓar ɗalibi a SS3 ko kaɗan. Waɗanda za su karɓa da murmushi ba tare da tambaya ba, sau da yawa su ne masu tsawwala kuɗi su yi miki alkawarin "za a taimaka masa a ɗakin jarrabawa". Irin wuraren nan ake riƙe wa sakamako saboda satar amsa, yaron da bai ji ba bai gani ba ya zauna a gida.

Wannan ya ci wa babbar 'yata shekara guda cur. Ta gama SS2 da kyau, ta fara SS3, sai aka canja mu daga Arewa zuwa Kudu. Babanta ya ce iyali ba ya rabuwa, aka loda kaya a mota aka tafi da kowa. Makarantar da muka fara zuwa shugabar ta ce ba ta karɓa a wannan ajin. Ta biyu ta ce sai dai ta koma SS2. Ta uku ta faɗi kuɗin da ya fi albashin babanta na wata. Yarinyar da ke ta ɗaya ta biyu a ajinsu ta koma zama da ƙannenta, tana jin labarin ƙawayenta sun zana JAMB. Ta daina cin abinci sosai, ta daina magana a gida. Har yau da take da aurenta da aikinta, idan aka yi zancen shekarar nan sai ta tashi daga wurin. Saboda haka idan na ji mace tana cewa "ai makaranta makaranta ce, duk inda aka je za a samu", raina yana ɓaci, don na san abin da take shirin yi wa ɗanta.

Abin da na koma yi daga baya ke nan. Idan sigina ta fito ina da yaro a ajin jarrabawa, maigida ya wuce shi kaɗai. Ya je wurin samanjan bataliya, a bi ta hanyar da ta dace a roƙi kwamanda a bar iyali a kwatas har zango ya ƙare. Ba kullum ake yarda ba, domin akwai wanda ke jiran ɗakin, amma wanda bai roƙa ba bai san amsar ba. Idan aka ƙi, in bar yaron a hannun matar da na yarda da tarbiyyar gidanta, in ajiye mata abinci da kuɗin mota, in riƙa kira. Sauran 'ya'yana kuwa tun daga JSS1 na sa su makarantar kwana, don kada sigina ta sake taɓa karatunsu. Na san akwai masu cewa makarantar kwana tana lalata yara, kuma ban ce ba su da hujja ba. Ni dai na zaɓi in riƙa hawa mota ranar ziyara da in sake ganin abin da na gani. Idan dole ne a canja wa ɗan sakandare makaranta, a yi shi bayan JSS3, ya shiga SS1 a sabon wuri. Ita ce gaɓar da ba ta karya komai.

Na JSS3 ma a kula. Makarantun soja da na gwamnatin tarayya jarrabawar NECO ta ƙaramar sakandare suke yi, makarantun jiha kuma kowace jiha da tata. A Kano akwai ƙarin abu: ɗaliban makarantun gwamnati suna zana jarrabawar kwalifayin a SS2, da ita ake tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa kuɗin NECO. Wanda ya iso bayan an yi ta, iyayensa su tanadi kuɗinsu.

Na biyu a girma shi ne wasa da suna da ranar haihuwa. Ɗan bariki yakan bi ta makarantu uku ko huɗu kafin ya gama sakandare, kuma kowane malami yana rubuta sunan yadda kunnensa ya ji. A Kaduna an rubuta Muhammad, a Enugu ya zama Mohammed. A'isha ta je Ibadan ta dawo Aishat. Wata uwar ma sunan da ake kiran yaro a gida take bayarwa, Abba ko Ummi, a shigar da shi rajista haka nan. Wani wurin a sa sunan uba a gaba, wani a sa sunan garin da uban yake amfani da shi a aiki. Ba wanda ke damuwa sai ranar cike fom. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma abin da ke jikin NIN ɗin shi take ɗauka. Idan ya saɓa da na takardar WAEC, an shiga zaryar kotu da rantsuwa da ofis-ofis, a daidai lokacin da ya kamata yaro ya zauna ya yi karatu.

Ki zauna da maigida ku tsayar da rubutu ɗaya, harafi bayan harafi, da jerin sunayen, da ranar haihuwa ta gaskiya. Katin da aka ba ki a asibitin bariki ba shi ne takardar haihuwa ba. Ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ita ce takarda. A karɓo ta, a yi wa yaro NIN da ita, kuma duk makarantar da aka je ki miƙa kwafi ki ce daga nan za a kwafa. Idan sakamakon zangon farko ya fito, sunan za ki fara dubawa kafin maki. Kada ki rage wa yaro shekaru don wai gaba ya samu aikin soja, kada kuma ki ƙara masa don ya tsallake aji. Ƙaryar da aka rubuta a takarda yaron ne zai yi ta kare ta har tsufansa.

Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma, wadda 'ya'yan bariki suka fi kowa shan wuya a kanta. An haife shi a barikin Rukuba a Jos, ya yi wayo a na Maimalari a Maiduguri, ya gama firamare a na Bukavu a Kano, amma a takarda shi ɗan ƙaramar hukumar babansa ne, garin da wataƙila bai taɓa kwana a ciki ba. Makarantar Soja ta Zariya, wadda aka kafa tun 1954, da NDA, makarantar horar da hafsoshi, da makarantun haɗin kai na gwamnatin tarayya, duk ana duba jihar asali wajen rabon gurbi. Tallafin karatu na jiha ma haka. Ranar da fom ya fito uban yana bakin daga, babu fas na zuwa gida, kakan da mai unguwa ya sani ya rasu, wa zai tsaya wa yaron? Duk hutun da kuka je gida, a je sakatariya a yi wa kowane yaro tasa, har da na goye. A kai su gaban dagaci ya san fuskokinsu.

Ku kuma maza, magana ta zo kanku. Soja ya san lambar bindigarsa ko cikin barci aka tashe shi, amma a tambaye shi ajin ɗansa sai ya waiga yana neman matarsa. Wannan abin kunya ne. Kai kaɗai za ka iya shiga ofishin bataliya ka tabbatar an shigar da aurenka da haihuwar kowane yaro a fayil ɗinka. Matarka ba ta da wannan ikon. Rundunar soja tana ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan wanda ya rasu a bakin aiki, amma sai an tabbatar da su a takarda. Na zauna da zawarawa suna kuka, ga marayu a gabansu, an nemi sunayen a fayil babu. Kafin ka tafi Arewa maso Gabas, ka gyara wannan, ka bar wa matarka kwafin katin shaidarka da wasiƙar da ke nuna kana aiki, domin da su ake ba yaro rangwamen ɗan soja.

Ni jaka ɗaya nake da ita ta takardun yara, kowa da ambulan ɗinsa: takardar haihuwa, NIN, ta ƙaramar hukuma, katin rigakafi, sakamakon kowane zango, hotuna. Ranar tashi ba ta shiga bayan mota da katifu. A cinyata take tafiya.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Kada ki bar tsohuwar makaranta ba tare da takardar canjin makaranta mai hatimi ba, kuma ki biya bashin da ake bin ki, in ba haka ba za su riƙe ta. Kada ki ɗinka yunifom kafin takardar shiga ta zo hannunki. Duk wanda ya tare ki a kasuwar mami ta bariki ya ce yana da hanya a Command ko Zariya idan kin ba shi wani abu, ki wuce, fom a inda hukuma ta ce ake saye.

Ki tambayi darussan da sabuwar makaranta ke koyarwa kafin ki biya ko sisi. Yaron da ya yi shekara biyu yana karanta Hausa zai iya tarar da Yarbanci ko Ibo kaɗai a jadawali, ko ya tarar babu malamin darasin addinin Musulunci, ko babu ɗakin gwajin kimiyya alhali shi ɗan ajin kimiyya ne.

Kada ki rena makarantar gwamnati da ke bayan get. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Wasu sun lalace, gaskiya ne, amma na ga waɗanda malamansu suka fi na makarantar kuɗin da aka buɗe a shago uku kusa da bariki. Ki shiga aji da ƙafarki ranar karatu, ki buɗe littafin yaro ɗaya ki ga ko ana duba aiki.

Ki auna nisa. Bariki irin Jaji ko Janguza ba a tsakiyar gari suke ba, kuma ranar da aka tsaurara tsaro a get, yaron da ke fita gari kullum zai makara ko ya kwana a waje. Ƙananan yara a cikin bariki nake barin su.

Kada a tura yaro makarantar horon soja don kawai uban yana so a gaje shi. Horo ne na gaske, kuma wanda zuciyarsa ba ta wurin wahala kawai zai sha.

Islamiyya kuma ana mantawa da ita gaba ɗaya har sai an gama jera kaya. Kafin ku tashi, ki sa malaminsu ya rubuta miki izu da surar da kowane yaro ya tsaya da littattafan da ya sauke, ki kai wa limamin masallacin sabon barikin a makon farko, don kada a mayar da mai izu ashirin farkon allo.