Yadda Ake Duba Tsohuwar Sintesaizar Analog Kafin a Saye Ta

Sintesaizar analog na'ura ce da ke haifar da sauti kai tsaye daga wutar lantarki. Wani sashe da ake kira osileta shi ke kaɗa wutar har ta zama amo, matata ta tace abin da ya fito, sannan wani sashen ya tsara yadda sautin zai tashi da yadda zai lafa. An gina kowane sashe da ƙananan kayayyaki masu tsufa, kuma galibin na'urorin da masu tarawa ke nema sun kai shekara 40 da ƙerawa ko sun haura. Don haka duk wanda sha'awar tara su ta kama, abin da ya kamata ya riƙa tambayar kansa a gaban kowace na'ura shi ne ko zai iya rayar da ita ta ci gaba da magana, domin suna da kyan katako ba sa gyara fanel, wato allon da kayan lantarki ke dashe a kai, idan ya ruɓe.

Ka fara da sanin zamanin da kake nema. Robert Moog ya fito da manyan na'urorinsa masu haɗe-haɗen wayoyi tun 1964, amma Minimoog Model D, wadda aka ƙera daga 1970 zuwa 1981, ita ce ta mayar da sintesaiza abin da makaɗi zai iya ɗauka ya hau dandamali da shi. Murya ɗaya gare ta, wato sauti ɗaya take fitarwa a lokaci guda, haka ma Korg MS-20 ta 1978, ARP Odyssey ta 1972 kuwa tana iya fitar da biyu. Daga baya masu muryoyi da yawa suka bayyana: Yamaha CS-80 a 1977, Prophet-5 ta Dave Smith a 1978, Roland Jupiter-8 a 1981, sai Juno-60 a 1982 da Juno-106 a 1984. Da Yamaha DX7 mai aiki da lissafin dijital ta shigo a 1983, makaɗa suka juya wa analog baya na tsawon shekaru, kuma a wannan zangon ne aka jibge na'urori da yawa a ɗakunan ajiya masu laima. Ɓarnar wancan lokaci ita ce mai saye ke gada a yau.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya soma da mai murya ɗaya. Cikinta a sarari yake, kayanta yawanci na gama-gari ne, kuma mai gyara nagari ba zai sha wahalar bin sawun matsala ba. Mai murya takwas kuwa tamkar na'urori takwas ce a akwati ɗaya, kowace da nata ciwon. CS-80 abar so ce ƙwarai, amma nauyinta ya kusa kilo 100, kuma tana ɗauke da aisi-aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da yawa, da kamfanin Yamaha ya ƙera don kansa waɗanda aka daɗe da daina yi.

Kafin ka je ganin na'ura, ka nemi hoton lambar ƙirarta, domin suna ɗaya kan rufe nau'o'i daban-daban. Prophet-5 ta zubi na ɗaya da na biyu tana amfani da aisi na kamfanin SSM, ta zubi na uku kuma da na Curtis, kuma ta ukun ce ta fi riƙe saiti da sauƙin gyara, duk da cewa akwai masu fifita amon na farkon. A wasu na'urorin ARP na farko-farko an daskarar da muhimman sassa a cikin wani ƙaro mai tauri, ta yadda idan sashe ya mutu buɗe shi aiki ne ja. Lambar kuma ita za ta raba maka tsohuwa da sabuwar fitowa, tunda Korg ya sake fitar da MS-20 a ƙaramar siffa a 2013, Moog ya dawo da Model D a 2016, aka kuma sake ƙera Prophet-5 a 2020. Waɗannan na'urori ne masu kyau, sai dai kada a sayar maka da su da sunan tsofaffi.

Kada ka jona na'ura da wuta sai ka karanta farantin da ke bayanta. Wadda aka yi don kasuwar Japan bolt 100 take ci, ta Amurka tsakanin 117 da 120, ta Turai kuwa 220 zuwa 240. Wanda ya soka mai bolt 100 a wutar 230 zai iya ƙona taransifomarta cikin ƙiftawar ido, kuma samun madadinta ba abu ne mai sauƙi ba. Idan wutar ba ta dace ba, a sa taransifomar rage ƙarfi a tsakani.

Daga nan sai a buɗe ta, kuma a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Mai sayarwar da ya hana a ga ciki, ko ya ƙi turo hotunan fanel, ya riga ya gaya maka wani abu. A cire filogi daga bango tukuna, kuma kada a taɓa sashen wuta, domin manyan kafasita na iya riƙe caji bayan an kashe. Abu na farko da ido zai nema shi ne batir. Na'urorin da ke ajiye sautukan da aka tsara suna da ɗan batir a kan fanel, kuma a Korg Polysix ta 1981 batir ne mai caji wanda idan ya tsufa yake zubar da ruwa mai cin tagulla. Ruwan yana bin siraran hanyoyin fanel a hankali, yana shiga ƙarƙashin aisi, har ya kai inda ido ba ya gani. Alamarsa ita ce farin gari ko kore-kore a ƙafafun kayan da ke kewaye. Ko an ce maka an canza batir, ka duba ko an wanke wurin an kuma ɗinke hanyoyin da suka yanke, domin canza batir kaɗai ba ya tsayar da cin da ya riga ya fara.

Bayan batir sai kafasita. Masu ruwa a ciki suna bushewa da shekaru, wasu su kumbura a sama ko su yi yoyo a gindi, kuma alamarsu a kunne ita ce gurnani mara yankewa a lasifika. Ƙanana masu kama da ɗigon fenti, waɗanda ake kira tantalam, su kuma sukan haɗe wuta farat ɗaya su kashe na'urar. Akwai wata cuta ta daban a ƙananan na'urorin Moog irin su Rogue da Opus 3 da MG-1: soson da aka shimfiɗa don kare majanyai, wato madannan da ake ja sama da ƙasa, daga ƙura yana narkewa ya koma baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Yana wankuwa, amma aiki ne na kwanaki. Ka kuma lura da aikin dalma. Dalma mai sheƙi da tsabta shaidar hannun gwani ce, tulin dalma da ƙonannen fanel kuwa shaida ce cewa wani ya taɓa koyon gyara a kanta.

Idan ciki ya gamsar da kai, sai gwajin kunne. Ka kunna ta ka bar ta ta ɗumama na minti 20 zuwa 30, saboda osiletar analog tana sauya murya da zafi, kuma ɗan kaucewar saiti a mintunan farko ɗabi'arta ce. Abin damuwa shi ne wadda ta ɗumama amma ta ci gaba da yawo. Ka danna maɓalli a ƙasan kibod, ka danna takwaransa a sama, ka ji ko sun yi daidai. Idan na saman ya gaza ko ya zarce, yawanci daidaitawa kawai take bukata. A mai muryoyi da yawa kuwa, ka riƙa danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya kana riƙe da na baya har adadin muryoyin ya cika, kana sauraron wadda ta yi shiru ko ta dushe ko take ƙarar tartsatsi. Wannan gwaji ya zama dole a Juno-106, wadda kowace daga muryoyinta shida ke dogara da aisi mai lamba 80017A, kuma baƙin rufin da aka yi wa aisin shi ke jawo masa lalacewa. Sau da yawa ciwon ba ya bayyana sai na'urar ta yi zafi, shi ya sa gwajin minti biyar ba ya wadatarwa. Ana iya cire rufin ko a sa madadi na zamani, saboda haka wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, dalilin neman ragi ne.

Ka murɗa kowane mamurɗi daga farko zuwa ƙarshe, ka ja kowane majanyi. Ƙaiƙayin sauti ƙura ce kawai a mafi yawan lokuta, amma wanda ya karye matsala ce idan irinsa ya ɓace daga kasuwa. Maɓallan da ke ƙwanƙwasa ko suka yi hawa da sauka, musamman a kibod ɗin Pratt-Read da ke cikin Minimoog da Odyssey da Prophet-5, 'yan robobinsu ne suka bushe, kuma ana samun sababbi.

Mai tara na'urori fiye da ɗaya zai so su yi magana da juna. Sai a 1983 aka fito da MIDI, tsarin bai-ɗaya na aika saƙo tsakanin na'urorin kiɗa, inda aka nuna Prophet-600 da Jupiter-6 a haɗe a watan Janairu na shekarar. Kafin nan ƙarfin wuta ne ke ɗaukar saƙo, kuma kamfanoni ba su yi ittifaƙi ba: Moog da Roland da ARP sun bi tsarin bolt ɗaya ga kowane zangon sauti takwas, alhali Korg MS-20 da ƙananan Yamaha sun bi wani lissafin daban. Juno-60 tana da mahaɗa irin ta Roland mai suna DCB. Injinan ganga TR-808 na 1980 da TB-303 mai sautin bes ta 1981 suna tafiya tare ta wata waya mai ƙafa biyar da ta yi kama da ta MIDI amma ba ita ba ce. Akwatin fassara na waje yana warware duk wannan, kuma na fi son sa a kan huda jikin na'ura don dasa mata MIDI, domin ramin da aka huda ba ya toshewa.

Idan kuma za ka haɗa da na'urar amsa-kuwa mai tef, kamar Roland RE-201 ta 1974, injin da ke juya tef da robar da ke matse tef ɗin za ka duba. Tef ɗin kansa abin canzawa ne.

Da na'ura ta shigo hannunka, ka fara kwafe sautukan da ke cikinta kafin a taɓa batir. Juno-60 da Polysix suna fitar da su a matsayin ƙara ta mahaɗar kaset, kuma kwamfuta na iya naɗar wannan ƙarar ta mayar da ita duk sa'ad da aka bukata. Ka kai ta wurin mai gyaran da ya saba da analog, ka haɗa masa da littafin gyaranta, wanda ake samun na galibin sanannun na'urori a intanet. Duk abin da aka cire, a zuba a leda a rubuta kwanan wata, saboda mai tarawa na gaba zai so ganin tarihin. Ban goyi bayan canza duk kayan ciki don kawai sun tsufa ba. A gyara sashen wuta, a canza abin da awo ya nuna ya gaza, a bar sauran. Ka ajiye ta a shimfiɗe a ɗaki busasshe, nesa da rana, da mayafi a kanta, kuma ka riƙa kunna ta kana kaɗawa aƙalla sau ɗaya a wata, domin maɓallai da mamurɗan da ake motsawa ba sa saurin yin tsatsa, kuma ƙaramar matsala takan fara bayyana a kunne tun kafin ta kai ga ƙona wani abu.