Ku ɗuma kwalba kafin ku zuba kakin waken suya

'Yan uwa masu haɗa kyandir, idan kyandirinku yana rabuwa da jikin kwalba ko samansa yana tsagewa, ku gwada wannan. Ku jiƙa kwalaben a ruwan ɗumi, ku goge su su bushe ƙarau, sannan ku zuba kakin. Kada ku zuba shi yana tururi, ku bari ya ɗan huce tukuna.

Kakin waken suya yana ƙanƙancewa idan yana daskarewa. In ya faɗa kwalba mai sanyi, gefen ne ke riga tsakiya kamawa, sai ya janye ya bar tabo kamar ruwa ya shiga. Ni da hunturun bara na yi asarar kwalabe goma sha biyu a Tudun Wada, don na jera su a ƙasan siminti da asuba. Yanzu kan katako nake ajiyewa, in kife kwali a kai, in kashe fanka har safe.

Ruwa kuwa abokin gabar kaki ne. Ɗigo ɗaya a gindin kwalba ya isa ya sa lagwani ya riƙa tartsatsi. Turare ma na mai nake sawa, ban da mai ruwa.

Amma da zafin Maris da Afrilu dabarar ba ta hana komai. Wannan kakin ya fi kakin farafin saurin narkewa, wani tun wajen digiri 50. Kada ku bar shi cikin mota ko kan tebur a rana a Kasuwar Bacci, zai yi gumi ya lanƙwasa lagwanin.