Yadda Ake Auna Aikin Hasken Rana Kan Ruɓaɓɓen Ganye a Ruwan Tafki

Ruwan tafkin da ya yi launin shayi, narkakken ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi ne suka rina shi. Hasken rana, musamman UV (ɓangarensa da ido ba ya gani) mai tsawon zango nanomita 280 zuwa 400, yana farfasa wannan narkakken abu. Wani kaso ya zama iskar kabon dayoksaid, wani ya zama ƙananan asid da bakteriya ke saurin cinyewa, launin kuma ya koɗe. Wannan koɗewa ita za ka auna.

Ɗebi lita 2 daga saman ruwa, ka rufe shi daga rana nan take. Tace shi da matata mai ƙofa maikromita 0.7, sannan da ta 0.2. Kada ka tsallake ta biyun: in bakteriya suka rage, ba za ka san wanda ya ci abin ba, su ko rana. Ruwan damina mai laka yakan toshe matata, sai ka riƙa canzawa.

Kwalba ita ce inda aka fi yin kuskure. Gilashin yau da kullum yana tare mafi yawan UV-B (ɓangaren UV mai gajeren zango), roba kuma tana iya zubar da nata sinadarin cikin ruwan. Nemi bututun gilashin kwaz (irin gilashin da UV ke ratsawa), ka ƙona shi awa 4 a zafin digiri 450 na ma'aunin Selsiyas don kawar da datti. Cika guda 6 taf, ba sararin iska. Naɗe 3 da takardar alminiyam, su ne ma'aunin kwatanci. Kwantar da duka shidan a kwano mai ruwa zurfin santimita 2 a fili, kana sauya ruwan, don zafi kaɗai yana iya sauya sakamako.

Auna yawan hasken da ruwan ke sha da na'urar sifektirofotomita a nanomita 254 da 350 kafin farawa, sannan kullum har kwana 3. Bambancin na rana da na duhu shi ne aikin haske. Rubuta yanayin sama, domin gajimare da ƙurar hunturu suna rage UV.

Ruwa mai sinadarin ƙarfe da tsami ya fi saurin koɗewa, amma yakan yi gudaji masu ruɗa na'ura. Sake tacewa kafin awo. In ruwan ya yi duhu sosai, na sama zai yi wa na ƙasa inuwa, sai a surka shi da tsarkakakken ruwa. Haka abin yake a tafkin kansa: a ruwa mai duhu UV ba ya wuce 'yan santimita, don haka adadin da ka samu na saman ruwa ne, kada ka lissafa shi a kan zurfin tafkin duka.